Sikelin da Khalilu Ya Bari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Dagaci, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Masu unguwanni, shugabannin ƙungiyarmu ta manoman rani na bakin Watari, malaman makaranta da suka taso daga Dawakin Tofa, da dattawan gari. Malam Iliyasu, mahaifin marigayi, da Inna Hure mahaifiyarsa, wadda ke jin mu daga cikin gida tare da sauran mata. 'Yata Sauda, wadda ya bari. Jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau kwana arba'in da muka kai Khalilu makwancinsa. Ƙungiya ta so Malam Iliyasu ya yi magana, ya ce ɗan fari ne, yana raye ma bai taɓa kama sunansa ba, ba kuwa yau zai fara ba. Sai aka juyo kaina. Na ce ni suruki ne, shekara uku da na ba shi 'ya, kuma zancen da ya haɗa ni da shi bai wuce gaisuwa da tambayar gona ba. Malam Liman ya ce to ai shi ya sa ya kamata in yi, tunda akwai abin da ya taru a bakina. Gaskiya ya faɗa. Na zauna na rubuta da hannuna. Karatuna na ajin yamma ne na manya, da furfurata na koyi riƙe biro, saboda haka idan kun ji na yi tuntuɓe ku yi haƙuri.

Kafin komai ina so ku san da zuciya biyu na tsaya a nan. Khalilu ya bar 'ya wadda bai gani ba. Kwana tara bayan rasuwarsa Sauda ta haihu, bakwaini, nauyinta kilo ɗaya da rabi. Yau kwananta talatin da ɗaya, kuma har yanzu ba ta fita daga hatsari ba. A kanta zan roƙe ku wani abu a ƙarshe, amma ba za ku gane roƙon ba sai kun ji labarin ubanta.

Ya kasance mai gyaran injin ban ruwa, kowa ya sani. Abin da nake so mu tuna shi ne lokacin da ya yi mana wannan aiki. Shekarar da man fetur ya fi ƙarfinmu, muna tsaye muna kallon tumatir da albasa suna ƙonewa ga ruwa kwance a gabanmu. Wasu a cikinmu sun koma ɗiban ruwa da bokiti kamar zamanin kakanninmu. Khalilu ne ya tafi birni ya koyo yadda ake mai da inji ya yi aiki da tukunyar gas, ya dawo ya bi mu fadama fadama. Wanda ke da abin ba shi ya ba shi, wanda ba shi da shi ya ce Allah ya yi albarka, shi kuwa bai taɓa bambanta aikin wannan da na wancan ba.

Ya kasance idan lasifikar masallaci ta shaƙe ba a aika masa, da ya ji kiran salla ya fito da ƙyar, sai ka gan shi da tsani. Ya kasance shi ke duba firjin allurar rigakafi a ɗakin shan maganinmu. Ya kasance mai ƙarancin magana, har matan unguwa suna tsokanar Sauda wai ta auri rediyon da ba batir.

Ya kasance kuma yana da wani abu da da yawanmu muka yi masa dariya a kai. Ba zan tsallake shi ba, don na ji ana cewa a bakin kasuwa, "Allah sarki, yaron kirki, sai dai wasa ya yi masa yawa." A kan wannan magana na ƙi barin wani ya karɓe ni a tsayuwar nan.

Abokinsa Malam Mika'ilu, malamin kimiyya, ga shi nan zaune, shi ya fara nuna masa a waya. Wasu matasa ne a birni suke ƙera 'yan ƙananan na'urori masu taya, a saka biyu cikin akwati, kowane mai shi ya tsaya a waje da rimot, su yi ta karo har ɗaya ta kife ko ta mutu. Mutum-mutumin faɗa suke ce musu. Suna shirya gasa idan an yi kaka, kuma ƙa'idarsu guda ce mai tsauri: kada abin ya wuce kilo ɗaya da rabi. Mika'ilu ya ce min tun ranar da Khalilu ya gani bai sake zama lafiya ba.

Da farko ya je wurin Malam Liman ya tambaya ko halal ne, tunda an ce mutum-mutumi. Malam ya tambaye shi yana da ido, ya ce babu. Yana da baki, ya ce babu. Malam ya ce to wannan ai baro ne mai neman rigima, je ka yi abinka.

Ba shi da abin sayen kaya sababbi, sai ya bi bola. Ya yanka tsohuwar jarka mai kauri ya yi gangar jiki. Ƙananan injinan da ke juya taya ya ciro su daga matacciyar na'urar buga takarda da Mika'ilu ya samo masa. Tayoyin da silifa ya yanka su, har Sauda ta nemi ƙafa ɗaya na takalminta ta rasa. Rimot ɗin na motar wasan yara ne. A gaba ya sa masa bakin tsohuwar fartanya, yadda zai shiga ƙarƙashin abokin karonsa ya ɗaga shi. Ya sa masa suna Buzuzu.

Da ya gama sai ya kai wa mahauci ya ɗora a sikelin nama. Allurar ta tsaya tsakanin ɗaya da rabi da biyu, tana rawa. Mahauci ya ce ɗaya da rabi ne idan saye za ka yi, biyu ne idan sayarwa. Khalilu ya gane sikelin nama ba zai yi masa ba, domin shi giram goma ma magana ce a wurinsa. Sai ya sayar da buhun albasa guda cikin ukun da ya ajiye, ya je birni ya sayo ɗan sikeli mai batir, wanda ke nuna lamba a gilashi.

A nan na shigo labarin, kuma ba da kyau na shigo ba. Lokacin cikin Sauda wata uku, hatsi yana tashi kowace kasuwa, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Da na ji an sayar da abinci an sayo sikelin auna abin wasa, raina ya ɓaci. Ban iya faɗa masa ido da ido ba, kun san tsakanin suruki da suruki. Na gaya wa Larai, mai ɗakina, ta gaya wa Sauda, Sauda ta gaya masa. Abin da na aika shi ne ban ba da 'yata ga mai wasan yara ba.

Amsar da ta dawo min ta wannan hanya gajeriya ce: a gaya wa Baba na ji. Washegari da hantsi ya zo gonata, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kwance injina wanda ke tari tun sati biyu, ya gyara, ya tafi. Bai ɗaga ido ya dube ni ba. Sai bayan ya rasu Sauda ta faɗa min abin da ya ce mata ranar. Ya ce: "Kullum abin da wani ya ƙera nake gyarawa idan ya lalace. Ina so ko sau ɗaya in ƙera nawa, in ga inda ni zan yi kuskure."

Kun tuna ranar da aka gwada Buzuzu a masussuka bayan la'asar, kafin saukar damina. Mika'ilu ya zo da nasa, wanda ya kira Kunama. Aka kewaye fili da katako, rabin gari ya taru. Karon farko Kunama ta daki Buzuzu a gefe, ya wuntsila ya kwanta rigingine, tayoyi suna ta juyawa a sama. Wani ya ce lallai suna ya bi jiki. Mutane suka yi dariya har da masu riƙe ciki, kuma rabon da in ji dariya irin wannan a garin nan tun kafin tsadar nan. Khalilu ya ɗauki abinsa, ya karkaɗe ƙasa, yana murmushi.

Ni ma ina wurin. Ba ku gan ni ba, don ina bayan dangar Malam Iliyasu ina leƙe ta kafar kara. Da aka sake karawa, Buzuzu ya shiga ƙarƙashin Kunama ya tura ta har katako, sai na ji bakina ya ce "Yauwa, ɗana!" ba da izinina ba. Na waiwaya in ga ko wani ya ji, na saci jiki na koma gida, na tarar da Larai na ce mata shirme kawai ake yi a can. Ban taɓa gaya masa na gani ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Bayan wannan rana ya yi wa Buzuzu tayoyi manya, waɗanda suka fi jikinsa tsawo, yadda ko an kifar da shi zai ci gaba da tafiya. Sai nauyi ya ƙaru. Ya cire bakin fartanya ya sa guntun murfin tukunyar alminiyam. Ya huda jikin jarkar ƙofa ƙofa. Mika'ilu yana ba shi shawara biyar a lokaci guda, shi kuwa sai ya ƙi. Ƙa'idarsa ita ce a canza abu ɗaya, a auna, a gwada, sannan a taɓa na biyu. Yakan ce idan ka canza uku abin ya gyaru, ba ka san wanne ya gyara shi ba, idan kuma ya lalace ba ka san wa za ka zarga ba. Sauda ce ke karanta masa lambar yana riƙe da abin. Haka suka yi ta ragewa har saura giram arba'in ya shiga ƙa'ida.

A nan marka ta zo, zazzaɓi ya kama shi. Muka ce na damina ne, zai wuce. Kwana biyu muna ba shi abin da ke hannu. Rana ta uku da muka ga abin ya fi ƙarfinmu, hanya ta cika da ruwa, mai motar da zai yarda ya shigo kuma sai da aka yini ana nema. Mun isa asibiti da shi, amma mun makara. Kwana ya ƙare, mun sani, ba mai ƙara wa wani numfashi. Duk da haka mu da ya bi fadama fadama bai jira mun kira shi ba, mun jira kwana biyu kafin mu ɗauke shi. Wannan yana damuna, kuma na san ba ni kaɗai ba.

Kwana tara bayan haka naƙuda ta kama Sauda, ciki wata bakwai. Malama Asama'u, ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu, ita ta karɓi haihuwar, ita ta raka su asibitin birni. Da aka ce min kilo ɗaya da rabi, sai na je ɗakin Khalilu na ɗauki Buzuzu a tafin hannuna. Jikata ba ta kai wannan abin nauyi ba.

Kwana shida suka yi aka sallamo su, don jarirai sun fi gadajen yawa. Aka ce uwar ta ɗaure ta a ƙirji, fata da fata, dare da rana. A tatsi nono a ba ta da cokali. Kada a yi mata wanka, a goge ta kawai. A riƙa auna ta, idan nauyi yana raguwa a dawo da gaggawa. To sikelin ɗakin shan magani ya daɗe da lalacewa, wanda zai gyara shi kuma yana kabari. Sauda ta ce a ɗauko na Khalilu. Ta ɗora ƙwarya da zani a kai, ta danna ya koma sifiri kamar yadda ya koya mata, sannan ta kwantar da yarinyar a ciki. Ni aka ba aikin karanta lamba kowace safiya in rubuta, tunda idonta ya kumbura da kuka. Sikelin da na aika a zagi mutum a kansa, shi nake durƙusawa a gabansa da asuba.

Ranar suna aka sa mata Asama'u, don a saka wa Malama. Daga ranar kuma kakanninta mata biyu, Inna Hure da Larai, suka ce ba a taɓa jego ba wanka ba. Ba mugunta ba ce, ƙauna ce, haka aka yi musu, haka suka yi wa 'ya'yansu goma sha ɗaya tsakaninsu. Suka ce auna jariri kamar nama ma jawo baki ne. Ni kuma na goya musu baya, na ce mu da aka yi wa wanka mutuwa muka yi? Aka fara yi wa jaririyar wanka safe da yamma, cikin sanyin marka.

Rana ta farko ta ragu da giram goma. Ta biyu, sha biyar. Ta uku, sha biyar kuma, ga shi ta daina karɓar cokali sosai. Ido ba zai ga wannan ba. Da a ce da hannu muke ɗagawa, da mun ce tana nan yadda take, har ranar da za a wayi gari ba ta motsi. Gida ya rikice. Wannan ta ce a ba ta ruwan dabino, waccan ta ce nonon ne ba kyau a jiƙa wa uwar magani, wani ya ce a canza ɗaki, ni na ce a yi duka.

Sauda, wadda tun rasuwar ba ta haɗa kalma biyar ba, ta ɗago kai ta dubi uwarta da uwar mijinta. Ta ce: "Abu ɗaya za a canza. A bar wankan kwana uku, a auna. Idan ba ta ƙaru ba, ku yi yadda kuka ga dama."

Inna Hure ta ce wannan ba bakin Sauda ba ne, bakin ɗanta ne. Ta tashi da kanta ta sauke tukunyar ruwan daga murhu. Muka aika wa Malama Asama'u, ta zo ta duba yarinyar, ta ce a ci gaba da haka, idan gobe ta sake raguwa sai birni.

Washegari ba ta ragu ba. Ranar da ta biyo ta ƙaru da sha biyar. Ta uku, ashirin da biyar. Tun daga nan ba ta sake komawa baya ba.

Malam Iliyasu, Inna Hure, ku kuka haife shi, amma ni na yi masa abin da ban kyauta ba, kuma ba ya nan da zan nemi gafararsa. Ku nake roƙo ku yafe min a madadinsa. Na ce ban ba da 'yata ga mai wasan yara ba. A gaban Dagaci da Liman nake janye wannan magana. Da ina da wata 'yar, kuna da wani Khalilun, da na sake bayarwa.

Sauda, ke kuma ban da abin da zan ce miki sai Allah ya yi miki albarka. Mika'ilu ya nemi ya kai Buzuzu gasa da sunan abokinsa, kin ce a bar shi tukuna, giram arba'in ɗin nan ke za ki cire su da hannunki idan yarinya ta yi ƙwari. Na ji wasu sun ce ba aikin mace ba ne. Ni dai na yi irin wannan maganar sau ɗaya, na ga inda ta kai ni.

Ga roƙona, jama'a. Nan da kwana tara yarinyar nan za ta yi arba'in. Al'adarmu ce mai jego ta yi wanka ta ɗauki jariri ta zaga dangi, kowa ya karɓa ya rungume ya sa albarka. Na riga na ji ana lissafin gidajen da za a fara zuwa. Malama Asama'u ta ce kada ta fita, kada ta yi ta yawo hannu hannu, sai ta kai kilo biyu da rabi, domin tari guda na babba zai iya kwashe abin da aka tara cikin sati uku. Don Allah, don Annabi, ku yafe mana yawon arba'in ɗin nan. Kada wata gwaggo ta yi fushi, kada wani kawu ya ce an raina shi. Wanda ke son ganinta ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya yi addu'a. Idan ta kai, ni da kaina zan raka su gida gida. Sikelin kuma Sauda ta ce daga ranar ya zama na ɗakin shan magani, sadaka ga mai shi, don bakwainin da za a haifa bayan tamu.

Na ce muku da zuciya biyu na tsaya, na faɗi ɗaya. Ɗayar kuwa tun safe nake danne ta, ina jin kunyar a ga haƙorana a ranar sadakar arba'in. Da asubar yau na durƙusa gaban sikelin, Sauda ta kwantar da amaryata a ƙwarya, ta yi miƙa ta naushi iska. Na karanta lambar, na goge idona, na sake karantawa. Kilo biyu da giram goma. Ku gafarce ni, farin cikin ya fi ƙarfina. Ubanta ya yi wata huɗu yana neman ya sauko da abinsa zuwa kilo ɗaya da rabi bai samu ba, 'yarsa ta fara daga nan ta haura. Da yana nan, da ya duba lambar ya ce wannan ta wuce ƙa'ida, ba za a bar ta ta shiga fili ba.

Na gode wa Dagaci da ya ba mu wuri, na gode wa Malam Liman, da ƙungiya, da baƙinmu na nesa, da matan da suka tashi tun safe a kan tukwane a wannan shekara da kowa ya san yadda hatsi yake.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Khalilu ɗan Iliyasu. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ranar da za a kafa ma'aunin da ba ya zaluntar kowa ko da ƙwayar zarra, ka nauyaya nasa da kowace fadama da ya shayar. Ka ba iyayensa da matarsa haƙuri. Ka raya Asama'u ƙarama, ka ƙara mata abin da ya rage, ka nuna mana ranar da za ta tambaye mu wane ne ubanta, ka kuma ba mu bakin da za mu ba ta amsa ta gaskiya. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.